Ɓarawon cikin buhu: kare hatsi daga ƙwaro ba tare da guba ba

Gaisuwa gare ku makiyaya, na ruga da waɗanda suka fara haramar tafiya cin rani. Gaisuwa gare ku 'yan kasuwar bakin iyaka, na Jibiya da Ɗan Isa, na Illela da Ƙonni, na Maigatari da Magarya, na Kamba da Gaya. Allah ya sa wa dukiya albarka.

Zancenmu na yau a kan buhu yake. Kai ɗan'uwa makiyayi, da kaka ne dabbarka ta fi ƙiba, hatsi kuma ya fi araha. Sai ka sayar da bijimi guda, ka auni gero da wake da dusa, ka kai ɗakin mai masaukinka a gari ka ajiye, ka kora shanu ka yi kudu. Kai kuma Alhaji, ka zuba jarinka kaf a wake, ka jibge a sito, kana jiran farashi ya ɗaga ka loda zuwa Dawanau. Ku biyun lissafinku ɗaya ne, kuma lissafi ne mai kyau. Amma sau nawa ranar kwance bakin buhu take zama ranar baƙin ciki? Ka tura hannu ka ji ɗumi. Ka zaro hannun ya fito da gari. Ka duba waken, kowace ƙwaya da ƙofofi kamar rariya. Kwaɗon ɗakin na nan a kulle, ba wanda ya haura katanga. Ɓarawon, da hannunka ka ɗauko shi daga kasuwa ka shigar da shi.

To, yau za mu duba yadda ake tare wannan ɓarawo da abubuwan da Allah ya halitta: itatuwan dajinmu, da ƙwarin da ke cin ƙwari, da cututtukan da ke kama ƙwaro su bar mutum. Shi ne abin da malaman gona ke kira maganin ƙwari na halitta. Magana ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko: waɗannan magunguna suna aiki, amma aikinsu na rigakafi ne. Wanda ya sa su a makon da hatsi ya shigo hannunsa ya ci riba. Wanda ya jira sai ya ga ƙwaro na yawo a bayan buhu ya makara.

Ka san ɓarawonka

Mu fara da ƙwaron wake, don shi ya fi kowa saurin ɓarna. Ɗan ƙwaron nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da kake gani yana tashi in an buɗe buhu, shi ba ya cin wake. Kwanakinsa a duniya ba su cika wuce mako ɗaya zuwa biyu ba, aikinsa kawai barbara da saka ƙwai. Macen tana manna ƙwanta a bayan ƙwayar wake, ɗan ɗigo fari wanda sai ka kai ido kusa za ka gan shi. Tsutsar da ke cikin ƙwan ba ta fitowa waje. Ta ƙarƙashin ƙwan take huda fatar waken ta shige ciki, ta zauna tana ci har ta girma ta riƙiɗa. Ramin da kake gani a jikin wake ƙofar fita ce. Ranar da ka gan shi, an riga an cinye an tashi.

A zafin ƙasarmu, daga ƙwai zuwa sabon ƙwaro mako uku ne zuwa huɗu. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai har kusan 100. Mu yi lissafin sauƙi, mu ce 'ya'ya mata 20 kawai suka rayu daga kowace uwa. Wata na farko 20. Wata na biyu 400. Wata na uku 8,000. Daga uwa ɗaya fa ke nan. Shi ya sa buhun da ka gani lafiya lau a watan Nuwamba yake zama gari a watan Maris. Hausawa suka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, a nan kam maganar ta zauna daram.

Kuma tun daga gona ake ɗauko shi. Ƙwaron yana saka ƙwai a kan kwanson wake yana tsaye bai gama bushewa ba. Saboda haka sabon wake mai sheƙi da ka auna a kasuwa, akwai yiwuwar da baƙonsa a ciki.

Sauran hatsi ma kowanne da nasa. Dawa da masara suna da baƙin ƙwaro mai dogon baki, wanda ke huda ƙwaya ya saka ƙwai a ciki ya toshe. Dusa da gari da ƙulin anguryar da kuke saya wa dabbobi suna da ɗan jan ƙwaro, mai sa su wari har akuya ta sansana ta kau da kai. Gyaɗa tana da nata, wanda ke rayuwa a cikin 'ya'yan tsamiya da na kalgo kafin ya faɗo wa gyaɗar. Gero kuwa muddin yana a zangarniya a cikin rumbu ya fi jurewa. Da an sussuke shi an zuba a buhu, shi ma ya shiga layi.

Me ya hana mu zuba guba mu huta?

Za ka ce ga fiya-fiya, ga ƙwayar bom, ana sayarwa a faranti a kowace kasuwa. Gaskiya ne suna kashe ƙwaro. Sai dai ba ƙwaro kaɗai suke kashewa ba.

Fiya-fiya ba a yi shi don a yayyafa a kan abincin mutane ba. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, saboda sinadarin diklobos, wanda shi ne ke cikin yawancin fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ne a kilo. An sami waken da ya kai miligiram 4.6. Ninki 460 ke nan. Turawa sun ƙi karɓa don suna da na'urar awo. To waken da ba a kai Turai ba, wa ya ci? Mu muka ci, a ƙosai da alale da shinkafa da wake, mu da 'ya'yanmu. Kuma ka tuna Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman wake, Nijar ta biyu, waken ƙasashen biyu a kasuwa ɗaya yake haɗuwa. In sunan wake ya ɓaci, ba a tambayar daga wane gefen iyaka ya fito.

Ita kuwa ƙwayar bom, da ta sha danshin iska sai ta fara fitar da wata iska mai guba. Aikin ƙwararru ne, a wurin da aka rufe ruf, nesa da inda mutane ke kwana. Jefa ta a buhun da iska ke ratsawa, a ɗakin da yara ke barci, ko a motar da fasinja ke zaune a kan kaya, wasa ne da rai, domin gubarta ba ta da makari. Ga wata hasarar kuma: in iskar ta zurare ta ramukan buhu, ƙwarin da suka fi ƙarfi suna tsira su hayayyafa, badi sai ka ga ƙwayar ba ta jin su. Garin gyaran gira a rasa ido.

Man bedi da man gyaɗa

Bari mu zo kan abin da ke hannunmu. Itacen da mutanen Nijar ke kira bedi ko dogon yaro, a Najeriya a ce darbejiya ko maina, asalinsa daga Indiya yake, amma yau ba garin da babu shi. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, tun 1975 aka fara dasa shi layi-layi don tare iska. Ganyensa yana ɗan korar ƙwaro, amma ƙarfin maganin a cikin ƙwallon ɗansa yake.

Ga yadda ake fitar da man. Mata sun fi mu iyawa, don hanyarsa ɗaya da matsar man gyaɗa. A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya. A murje naman a wanke, a shanya ƙwallon a inuwa ya bushe sosai. A ɗan daddaka a turmi ɓawon ya fashe, a sheƙe. A tsince duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta sauya launi a zubar, don ita kanta cuta ce. A daka sauran ya yi laushi, a riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa har mai ya fara tsatsowa. Kilo ɗaya na ƙwayar yana ba da mililita 100 zuwa 150 in da hannu aka matse.

Awo kuwa shi ne mililita 3 ga kowane kilo na wake. Tiya ɗaya, wato kamar kilo biyu da rabi, cokalin shayi ɗaya da rabi. Buhu mai tiya 40, mililita 300, kwalbar lemo guda ba ta cika ba. Kada ka tuttula man a bakin buhu ka ce ka gama. Zuba wake tiya biyar-biyar a babban daro, sa man daidai awonsa, cuɗa da hannu har kowace ƙwaya ta yi ɗan sheƙi. Ƙwayar da mai bai taɓa ba, ita uwar ƙwaro za ta nema.

Yaya yake aiki? Man yana lulluɓe ƙwan da ke manne a bayan wake ya toshe masa numfashi, ya mutu kafin tsutsa ta huda. Yana sa fatar waken santsi, sabon ƙwai ba ya kamawa da kyau. Ɗacin bedin kuma yana hana uwar saka ƙwai, yana tauye girman tsutsar da ta taɓa shi. In an yi shi daidai, yana riƙe wake wajen wata shida. Amma lura da kyau: duk wannan a bayan ƙwayar wake yake faruwa. Tsutsar da ta riga ta shige ciki, man ba ya cim mata. Dalilin da ya sa na ce rigakafi ke nan.

Man bedi yana da ɗaci. Ga waken iri ba damuwa. Ga na ci, uwargida ta wanke shi da ruwan ɗumi sau biyu ko uku kafin ta ɗora. In kuwa na sayarwa ne, kana tsoron mai saye ya ji ɗaci, yi amfani da man gyaɗa: mililita 5 a kilo, wato rabin lita ga buhu mai kilo 100. Shi ma yana kashe ƙwan. Gargaɗi ɗaya: man bedi na buhu ne. Kada a ɗura wa jariri ko ƙaramin yaro da sunan magani, yana iya halaka shi.

Anza da toka

Kai makiyayi ba sai an nuna maka anza ba. Ka san ta, kore shar ko a tsakiyar bazara, kuma ka san a shekarun yunwa 'ya'yanta ake jiƙawa kwana da kwanaki a fitar da ɗacin a ci. Kakanninmu suna shimfiɗa ganyenta a rumbu, jerin wake da kwansonsa, jerin anza, har sama. Masu bincike a Senegal da Nijar sun bi diddigin abin sun tarar da gaskiyar tsofaffi. In an daka ɗanyen ganyen anza ko ɗanyun 'ya'yanta, suna fitar da wani tururi mai yaji da ke kashe ƙwaron wake da ƙwansa. Daga nan sai ka gane sharuɗɗan biyu. Na farko, ɗanye ake so, a daka a sa nan take, don busasshen ganye ya riga ya sace. Na biyu, a cikin abin da ke rufuwa, randa mai murfi da aka liƙe, ko jarka, ko duro. A buhun da iska ke shiga tana fita, tururin gudu yake yi.

Toka kuma ta waken iri ce da ɗan abin da za a ajiye a gida. Tokar itace ko ta busasshen kashin shanu, wadda ta huce, a tankaɗe ta. Kwano ɗaya na wake, kwano ɗaya na toka. A gauraya a zuba a tukunya, a danna, a rufe saman da toka kaurin yatsu biyu. Tokar tana cike duk 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi, ƙwaron da ya fito ba shi da hanyar zuwa wurin mace, sai ya bushe a inda yake. An gwada wannan a arewacin Kamaru an tabbatar. Barbaɗa ɗan toka a sama kamar gishiri ba ya komai. Yawanta shi ne maganin.

Ƙwaron da ke cin ƙwaro

Watakila ka taɓa buɗe rumbun wake ka ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin baƙaƙen ƙwari masu siririn ƙugu, ƙanana fiye da ƙwaron wake, ka ɗauka su ma ɓarayi ne. A'a, dogarai ne. Wani ɗan ƙaramin zanzaro ne da masana ke kira Dinarmus. Macensa tana bin wake ƙwaya-ƙwaya, ta gano wadda tsutsa ke ciki, ta soka tsinkenta ta saka ƙwai a jikin tsutsar. Ɗanta ya ƙyanƙyashe ya cinye ta. Shi ne kaɗai a cikin abin da muka lissafa zuwa yanzu yake bin ɓarawo har cikin ɗaki. Akwai ma wani da ya fi shi ƙanƙanta, mai saka ƙwansa a cikin ƙwan ƙwaron wake, an yi bincike a kansa a jami'ar Yamai. Ba sa harbin mutum, ba sa cin hatsi. Gwaje-gwajen da aka yi a Barkina Faso sun nuna in aka ƙara yawansu a rumbu tun farkon ajiya, ɓarnar tana raguwa sosai. Nan ma ka ji, tun farkon ajiya. Kuma fesa guba a rumbu su yake fara kashewa, tunda suna waje, tsutsar kuwa tana ɓoye a cikin wake.

Manoman jihar Maraɗi sun ga irin wannan aiki da idonsu. Ma'aikatan cibiyar binciken noma ta INRAN suna kiwon wani ɗan zanzaron, suna kai shi ƙauyuka a 'yan ƙananan buhuna, ana ratayewa yana fita yana kashe tsutsar zangarniyar gero, wadda ake kira murzuna.

Ga ku masu ɗauko masara daga Jamhuriyar Benin ta Malanbil zuwa Gaya, akwai labarin da ya shafe ku. Wani ƙwaro mai huda masara da busasshen rogo, har da katakon rumbu, asalinsa daga Amurka ta Tsakiya yake. Ya ɓulla a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, ya bazu zuwa maƙwabta. Da ƙafarsa bai ƙetare teku ba, a cikin kaya ya zo. Da abin ya yi tsanani, masana suka koma ƙasarsa ta asali suka ɗauko wani ƙwaron da ke farautarsa, suka sake shi a Togo a 1991, daga baya a wasu ƙasashen. Darasin a nan biyu ne. Kowane ƙwaro yana da magabcinsa. Kuma jami'in kwastan yana ƙirga buhu, ba ya ƙirga abin da ke cikin ƙwaya. Kai ɗan kasuwa kai ne shingen farko.

Na kwalba da na fakiti

Akwai kuma maganin halitta da kamfanoni ke haɗawa. Wani daga fumfuna ake yinsa, irin wadda ke kama jikin ƙwaro ta tsiro a cikinsa ta kashe shi cikin kwanaki. Misalin da aka fi sani a yankinmu shi ne Green Muscle, maganin fara, wanda ya fito daga wani shirin bincike da aka fara a 1989 aka gwada shi a Nijar. Yana kashe fara ya bar tsuntsu da dabba da mutum. Amma na fara ne, ba na ƙwaron buhu ba. Irin waɗannan magunguna kowanne da abin da yake kamawa, kuma ba sa kisa nan take kamar guba. Fumfuna tana son danshi, sito kuwa a bushe ake son sa, shi ya sa aikinta a cikin hatsi yake da nawa.

Wani kuma sunansa sifinosad, ana samun sa daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa. An yi masa rajista don ajiyar hatsi a Kenya a 2003, a Amurka a 2005. Yana da ƙarfi a kan ƙwarin da ke huda ƙwaya, yana da rauni a kan jan ƙwaron gari da dusa.

In wani ya kawo maka kwalba ya ce na halitta ne, kada kalmar ta ruɗe ka. Duba takardar jikinta. A Najeriya nemi lambar NAFDAC. A Nijar nemi lambar amincewar kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, wato CSP. Duba ko an rubuta na ajiyar hatsi ne, duba ranar lalacewa. In ba ka karatun boko, kai wa malamin gona ya duba maka. Kwalbar da ba takarda, bar wa mai ita.

Tsutsar da ta riga ta shiga fa?

Abu biyu ke gamawa da ita, kuma dukansu ba guba. Na ɗaya rana. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa, ɗora baƙar leda a kai, baza waken kada ya wuce ƙwaya uku bisa juna, rufe da farar leda mai nuna ciki, naɗe gefunan ka danne da duwatsu. Bar shi awa biyu da tsakar rana. Zafin da ya kai digiri 57 na tsawon awa ɗaya yana kashe ƙwai da tsutsa da uwar gaba ɗaya, kuma a ƙarƙashin ledar zafi yana wuce haka. In waken ya bushe da kyau, ba ya hana shi tsiro ko dahuwa.

Na biyu hana iska. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, ya samo asali ne daga binciken jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu binciken Kamaru a Marwa, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007. Ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye iskar, sai su daina ci, su bushe su mutu. Kafin ka zuba, hura kowace leda ka matse ka ji ko tana yoyo. Cika, fitar da iskar da ta rage, murɗe bakin kowace leda ka ɗaure ta daban. Ɗora a kan katako, nesa da bango, don ɓera in ya huda aiki ya lalace. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Jarka ko duro mai murfi, in an cika shi fal an toshe, aikinsu ɗaya.

Jerin aikin ke nan. Share ɗakin ajiya ka ƙona sharar, ka liƙe tsagar bango, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsohon buhu a juya shi a kakkaɓe a shanya, ko a tsoma a tafasasshen ruwa. Sheƙe hatsin, ka tabbata ya bushe, in ka ciza ya ce ƙaras. Gasa shi a rana. Ya huce a rufe, sannan ka zaɓi ɗaya: mai, ko anza, ko toka, ko buhu mai riɓi uku. Rana tana kashe wanda ke ciki amma ba ta hana sabo zuwa. Mai da toka suna hana sabo amma ba sa kashe na ciki. Haɗa su ne ke cika aikin. Sabon hatsi kuma kada ya kwana ɗaki ɗaya da na bara mai ƙwaro.

Saƙo ga makiyayi, saƙo ga ɗan kasuwa

Ɗan'uwa makiyayi, kai ne ka fi kowa buƙatar wannan, domin za ka yi wata biyar ba ka ga buhunka ba. Kada ka auni hatsi da yamma ka jefa a ɗakin mai masauki ka kama hanya da asuba. Ba shi yini ɗaya. Abin da za ka bari a gari, sa shi a buhu mai riɓi uku ko a jarka. Abin da za ka ɗora wa jaki, wanda za a riƙa ɗiba kullum, shi ne na cuɗawa da man gyaɗa. Dusa da ƙulin angurya kada ka sayi na wata shida a lokaci guda sai in kana da abin rufewa ruf. Kuma in ka ga hatsi mai launin ja ko ruwan hoda ana sayarwa da araha, iri ne da aka shafa wa guba don shuka. Kada ka ba dabba, kada ya shiga tukunya ko an wanke.

Alhaji da Hajiya masu sito, kafin ku biya, ga gwaji mai sauƙi. Ɗebo daga tsakiyar buhu, ƙirga ƙwaya 100 a tafin hannu, duba nawa ne ke da farin ɗigo a jiki. Rashin rami ba shaida ba ce, ɗigon ake nema. Sansana kuma. Wake mai warin kananzir ko na magani, wani ya riga ya yi masa wanka. In kun ajiye kaya, ɗebi kaɗan daga kowane kashi ku zuba a kwalba mai haske, ku ɗaure bakinta da ƙyalle, ku ajiye inda ido ke kai. Ranar da ƙwaro ya bayyana a kwalbar, kun san abin da ke faruwa a buhunan ba tare da kun kwance ba. Na san mai buhu 500 ba zai zauna cuɗa mai a daro ba. Shi nasa buhu mai riɓi uku ne, da tsabtar sito. Ku auna kuɗin buhun da kuɗin tiya nawa ƙwaro ke ci, da ragin da mai saye ke yi wa wake mai rami, ku ga wanne ya fi tsada. Buhun kuma in bai huje ba, ana sake amfani da shi badi. Ku 'yan ƙungiyoyin bankin cimaka da masu ajiyar warantaji, ku sa doka tun ranar karɓar kaya: buhun da ba a gyara ba ba ya shiga, don buhun mutum ɗaya yana iya cinye na mutum hamsin.

Akwai kuma maganar amana. Waken da ka yayyafa wa fiya-fiya a wannan gefen, wata uwa ce za ta saya a wancan gefen ta dafa wa 'ya'yanta, ba ta san ka ba, ba za ta taɓa zuwa ta tuhume ka ba. Amma akwai wanda ya gani. Ɗan kasuwar da aka san wakensa ba magani, masu saye da kansu suke nemansa.

Jama'a, tun ran gini ran zane. Hatsi yana shigowa kasuwa yanzu, yanzu ne lokacin. Wannan makon a tsinci 'ya'yan bedi inda akwai su, a tanadi man gyaɗa, a tankaɗe toka, a nemi leda da buhu. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa a ruga ko a rumfa. Wanda ya gwada ya aiko mana da abin da ya gani, mai daɗi ko marar daɗi, mu karanta wa saura su ƙaru.

Allah ya tsare mana abin da muka tara, ya kai masu tafiya cin rani lafiya ya dawo da su lafiya, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.